Layi Ɗaya A Shafin Shayarwa

Yau kwana tara ke nan da aka ɗage ranar auren Fadila da Nu'uman, kuma a kwanakin nan ko sau ɗaya ba ta ɗaga murfin kwamfutarta ba. Ta cusa ta can ƙarƙashin gado, ko shara take yi sai ta kewaye wurin.

Ba ta da laifi in ta tsane ta. Kwamfutar ce ta kashe mata aure a gaban dangi, kuma ita da hannunta ta koya mata yadda za ta yi.

Zuriyar Sharu Ya'u ta yi yawan da littafin da Baffa Zakiyyu yake rubuta sunayen dangi ya kasa ɗaukarta. Suna cikin Daura, suna Zango, suna Kongolam da Babban Mutum, wasu ma sun tsallaka iyaka. Duk shekara bayan babbar sallah sai su taru taron zumunci a gidan Baffa, wanda shi ne babba yanzu, shi ne kuma waliyyin Fadila tun rasuwar mahaifinta. Duk shekara kuwa ba a tashi sai an yi musu a kan wa ya haifi wa.

To, ana haka Fadila ta shiga wata cibiyar koyon kwamfuta. Malamarsu, Malama Hadijatu, ta fara koya musu Django, wato wani tsari da ake gina shafin intanet mai rumbun ajiye bayanai da shi, ta ce kowa ya zaɓi aikin da zai fara gwadawa. Wasu suka zaɓi shago, wasu makaranta. Fadila ta zaɓi danginta.

Kwana biyu ta yi tana fama kafin abin ya yarda ya tashi. Ta rubuta umarni, baƙin allo ya watso mata jan rubutu, ta goge ta sake. Nu'uman yana gefenta a zaure, malamin gona ne shi, bai san komai a harkar ba in ban da tausayi. Ranar da shafin farko ya buɗe da rubutun taya ta murna, shi ya riga ta yin hamdala, sai ka ce shi ya sha wahalar.

Daga nan ta yi teburin mutane: suna, uwa, uba, gari. Da ta kai wa Baffa ya gani, sai ya ce, "Ki sa har da shayarwa. Ita ce ke raba aure bayan an haifi 'ya'ya, don mutane ba sa rubutawa."

Ta ƙara tebur na biyu, mai shayarwa da wanda aka shayar. Ta rubuta 'yan layuka kaɗan waɗanda za su sa duk mutum biyun da suka sha nonon mace ɗaya su fito a shafin juna a matsayin 'yan'uwa. Ranar da layukan suka yi aiki har rawa ta taka a tsakar gida, Umma tana yi mata dariya.

Sunaye sun yi mata yawa, don haka ta buɗe wa mutum biyu hanyar shiga su taya ta zubawa, kowa da sunansa da kalmar sirrinsa. Ɗaya Nu'uman, tunda aikinsa na kai shi ƙauyuka, shi ke karɓo takardun sunaye a hannun tsofaffi. Ɗaya kuma Nasrullahi, sakataren zumunci, wanda sau biyu yana aiko da maganar aurenta sau biyu tana ba shi haƙuri.

Ranar taro aka rataya farin zane a bango, aka kunna majigi. Tsofaffi suka riƙa ganin sunayen kakanninsu suna girgiza kai. Sai wata gwaggo mai tsokana ta ce a buɗe shafin amarya a gani. Aka yi dariya, Fadila ta sunkuyar da kai ta danna.

A ƙarƙashin 'yan'uwan shayarwa, sunan Nu'uman ne zaune.

Kowa a dangi ya san marigayiya Inno Shatu ta shayar da Nu'uman, wannan ba labari ba ne. Sabon abu shi ne shafin ya ce ta shayar da Fadila ma. Inno Shatu kuwa shekararta shida a ƙasa.

Hajiya Maiturare, mahaifiyar Nu'uman, ta gyara mayafi ta ce, "Ai na taɓa jin ƙishin-ƙishin. Na yi shiru ne don na zaci mai 'yar za ta faɗa da bakinta. Tunda ga shi har takardun mutanen Babban Mutum sun kawo shi, ni dai ba zan haɗa ɗana da ƙanwarsa ba."

Aka juya ga Umma Kubura. Ita kuwa mako uku ta yi a gadon asibiti bayan haihuwar Fadila, ba ta san inda kanta yake ba, jaririyar tana babban gida. Da Baffa ya ce ko za ta iya rantsewa ba a yi ba, sai ta fashe da kuka ta ce ba za ta rantse a kan abin da ba ta gani ba. Nan take Baffa ya ɗage rana, don maganar shayarwa ba a shiga cikinta da shakka.

Abin da ya faru ke nan. Fadila ta sha kukanta ta ƙoshi, ta ce ƙaddara ce.

Amma da safiyar yau Umma ta tafi suna a maƙwabta, ko rabin sa'a ba ta yi ba sai ga ta ta dawo. Ta zauna a bakin gado ba ta ko cire hijabi ba.

"Umma, har an watse?"

"Ba a watse ba."

"To me ya faru?"

Umma ta daɗe tana murza yatsunta. "Ina shiga ɗakin kowa ya yi shiru. Da na juya zan fito na ji wata tana cewa ga wadda ta so ta aurar da 'yarta ga wan yarinyar na shayarwa don kwaɗayin gidan Maiturare." Muryarta ta karye. "Fadila, shekara hamsin ban taɓa cin haram da sanina ba. Yau ni ake nunawa da baki a garin nan."

Fadila ta matso bakin gadon. Ta durƙusa, ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo kwamfutar.

Zuciyarta ta riga ta yanke hukunci tun kafin allo ya kawo haske. Nasrullahi ne. Wa zai ci riba in auren ya mutu in ba shi ba? Ta bi takardun Babban Mutum ɗaya bayan ɗaya, babu inda aka haɗa sunanta da na Inno Shatu. Ta kira Malama Hadijatu.

"Malama, in mutum ya zuba bayani a rumbu, akwai yadda za a gane ko wane ne?"

"Ba mu kai nan a darasi ba, amma akwai," in ji Malama. "Shiga shafin gudanarwa, ki buɗe layin da kike zargi. Ki dubi sama ta hannun dama, za ki ga maɓallin tarihi. Tsarin da kansa yake rubuta wanda ya ƙara abu da lokacin da ya ƙara, ko ba ki sa shi ba."

Sau nawa ta ga maɓallin nan ba ta taɓa danna shi ba. Ta buɗe layin, ta danna, tana shirya kalaman da za ta wanke Nasrullahi da su.

Layi ɗaya ne kacal ya fito. An ƙara shi ranar Talata, ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu na yamma. Sunan wanda ya ƙara: Nu'uman.

Ta karanta sau uku. Ta so ƙwarai a ce wani ne ya saci kalmar sirrinsa, amma shafin bai hau intanet ba tukuna, a cikin kwamfutarta kaɗai yake zaune, duk mai zuba suna sai ya zo gidan. Kuma ta tuna Talatar. Suna zaure shi da ita suna zuba sunayen mutanen Zango, aka kira la'asar, ta ce bari ta shiga ta yi salla ta kawo masa zoɓo. Da ta dawo ta same shi ya rufe murfin, ya karɓi kofin da hannu biyu, ya ce babu mai haɗa zoɓo kamarta.

Ta tura masa saƙo: ka zo bayan azahar, ina son ganinka.

Ya zo kuwa, cikin farar shadda, ya rame kaɗan. Ya tsaya daga bakin zaure ya yi sallama a hankali.

"Ƙanwata, ya haƙuri?"

Kwana tara ke nan da ya koma kiranta haka. Da tana jin kalmar ne kamar ta'aziyya. Yau ji ta yi kamar ya tofa mata yawu.

"Shigo ka zauna, Yaya Nu'uman. Karatu nake so ka taya ni."

Ta juya masa allon. Ya duba, ya sake dubawa. Bai tambayi mene ne wannan ba, kuma rashin tambayar ya ishe ta amsa.

"Ka ce min ba kai ba ne," ta ce. "Ka ce wani ne ya shigo zauren nan lokacin da nake salla. Wallahi in ka faɗa zan yi ƙoƙari in yarda."

Ya sunkuyar da kai. "Ban san yana rubuta suna ba."

"Abin da za ka fara ce min ke nan?"

"Fadila, ki saurare ni."

"Ina jinka. Yau ba inda za ni."

Ya share fuska da tafin hannu. "Hajiya ce. Tun da aka sa rana ba ta bar ni na runtsa ba. Ita Amatullah take so, 'yar ƙaninta ta Zango. Ta ce yarinyar da ta saba zama gaban kwamfuta ba za ta zauna mata a gida ba. Na roƙe ta, na sa an roƙe ta. Ƙarshe ta ce in na aure ki za ta ɗaga min nono. Kuma ba za ta iya tunkarar Baffa ta ce ba ta so ba, tunda shi ya sa albarka."

"Sai ta ce ka rubuta ƙarya."

"Ba ita ta ce ba." Ya ƙarasa da ƙyar. "Ni na kawo shawarar. Na ga in aka ce shayarwa ce babu wanda zai ji kunya. Ba za a ce na ƙi ki ba, ba za a ce kina da wani aibu ba. Kowa zai ce ikon Allah ne. Don in kare mutuncinki na yi."

Dariya ta kuɓuce mata, hawaye na bin kumatunta.

"Mutuncina. To na Umma fa? Ka san yau daga gidan suna aka koro ta da baki? Matar da take ajiye maka ƙanzon tuwo don ta san kana so. Kana zaune a taron nan aka ce ta rantse, kana kallo ta fashe da kuka, kai kaɗai ka san gaskiya, ka sa hannu ka rufe fuskarka. Ni kuma wawuya ina can ina tausayinka, ina cewa Yaya Nu'uman ya kasa ɗaga kai don baƙin ciki."

"Baƙin cikin gaskiya ne. Wallahi ina son ki, Fadila. Ban taɓa daina son ki ba."

"Na sani. Da ba ka so na ai da abin ya zo min da sauƙi." Ta goge ido da gefen hijabi. "Da ka zo ka ce min, Fadila, Hajiya ta ƙi, ba zan iya saɓa mata ba, wallahi da na yi kukana na ba ka haƙuri. Uwa ce, wa zai ce ka bar ta? Amma ka ɗauki abin da Allah ya halatta ka haramta shi da yatsanka. Ka yi wa matacciya ƙarya don ka san ba za ta tashi ta ƙaryata ka ba. Kuma a cikin aikina. Wata uku ina gina abin nan kana zaune kana sa min albarka, ashe kallon inda za ka soke ni kake yi."

"Ba haka ba ne. A ranar ne kawai shaiɗan ya..."

"Kada ka ɗora wa shaiɗan. Ba sunansa na gani ba."

Ya zame daga kan kujera ya durƙusa a gabanta, abin da bai taɓa yi ba.

"Ki rufa min asiri. Ki goge layin kawai, ki ce kuskuren na'ura ne. In Baffa ya ga wannan, Hajiya ta gama yawo a dangi. Ni kuma ban san da wane ido zan kalli mutane ba."

"In na ce kuskuren na'ura ne, Hajiya ta riga ta ce ta ji ƙishin-ƙishin. Maganarta za ta zauna, Umma ta ci gaba da zama maƙaryaciya. Ka san haka."



"Tashi ka tafi," ta ce. "Gobe da hantsi ina gidan Baffa. Na gaya maka ne don ni ban iya yin abu a bayan ido ba."

Bayan ya fita ta kifa kai a kan gwiwa ta yi kuka mai sauti, irin wanda ba ta yi ba ko ranar taro. Ranar taro aure ta rasa. Yau ta gane mutumin da take yi wa kukan ma ba ta taɓa saninsa ba.

Washegari da hantsi falon Baffa ya ɗauki mutum shida: Baffa a kan buzunsa, Umma, Hajiya Maiturare, Nu'uman, Fadila, da Nasrullahi da aka kira a matsayinsa na sakatare. Fadila ta kasa haɗa ido da shi, kunyar zargin da ta yi masa a zuci ta ishe ta.

Ta ajiye kwamfutar a gaban Baffa, ta yi bayani a taƙaice. Baffa ya sa tabarau, ya bi layin da yatsa kamar mai karatun allo.

"Nu'umanu, wannan sunanka ne?"

"Nawa ne, Baffa."

"Akwai wanda ya gaya maka Shatu ta shayar da yarinyar nan?"

"Babu."

Baffa ya juya ga Hajiya Maiturare. "Ke kuma ƙishin-ƙishin ɗin, a bakin wa kika ji?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Baffa ya daɗe yana salati ƙasa-ƙasa. Sannan ya ce, "Kubura, ki yafe mana. Ni na sa ki kuka a gaban jama'a, kuma a gaban jama'a zan wanke ki. Nasrullahi, ka sanar da kowane gida, daga nan har Kongolam, cewa babu shayarwa, ƙarya aka yi." Ya dubi Fadila. "Goge shi, 'yata."

Ta danna. Shafin ya tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ta tabbata. Layin ya ɓace. Umma ta saki ajiyar zuciya, ta rufe fuska da tafukanta.

"To, alhamdu lillahi," in ji Baffa. "Tunda babu abin da ya haramta, rana tana nan inda aka sa ta. Maiturare, ba shawara nake ba ki ba. In kina da magana, ni za ki gaya wa."

Fadila ta ɗaga ido daidai lokacin da Nu'uman ya ɗago nasa. Abin da ta gani a fuskarsa sauƙi ne, har da ɗan murmushi yana neman fitowa. An sauke masa kaya. Baffa ya tunkari Hajiya a madadinsa, abin da shi ya kasa yi, ga Fadila ta dawo hannunsa bai ce wa kowa uffan ba. Wannan murmushin ya ƙarasa abin da ya rage a zuciyarta.

"Baffa," ta ce, "ina neman alfarma ɗaya."

"Faɗi."

Ta buɗe wani shafin, inda ake rubuta waɗanda aka sa wa rana a dangi. Sunanta da na Nu'uman suna jere, ga kwanan wata a gefe.

"Na zo ne a wanke Umma, kuma kun wanke ta, Allah ya saka da alheri. Wannan layin nake roƙon ku ba ni izini in goge."

Nu'uman ya ce, "Fadila," da wata murya da ba ta fita sosai ba.

Baffa ya cire tabarau. "Kin daina son sa ne?"

"Ina son sa, Baffa. Ban san ranar da zan daina ba." Hawaye suka zubo, ba ta share ba. "Amma ranar da abu ya yi masa nauyi, bai zo ya gaya min ba, bayana ya bi. Aure kuwa ba a rasa abu mai nauyi a cikinsa. Ba zan iya zama da mutumin da in na shiga salla sai na yi tunanin abin da yake yi kafin in sallame ba."

"Mutum yana kuskure ya tuba, 'yata."

"Na yafe masa tsakanina da Allah. Zaman ne ba zan iya ba."

Baffa ya dubi Nu'uman, ya jira ko zai ce wani abu. Nu'uman ya saci kallon mahaifiyarsa, ya mayar da kai ƙasa. Baffa ya ga wannan kallon, kowa ma ya gani.

"Kubura, me kika ce?"

Umma ta matso ta dafa kafaɗar 'yarta. "Abin da ta ce, Baffa."

Tsohon ya mayar da tabarau a idonsa. Sannan ya gyaɗa kai sau ɗaya.

Fadila ta kai yatsa. Shafin ya tambaye ta ko ta tabbata. Umma ta riƙe mata wuyan hannu, sannan Fadila ta danna.